Tauraro Mai Fuska Ba Tsaga: Abin Da Hasken Eksire Ya Nuna Game Da Wani Tauraron Nutiron



Cikin shekarar 1835 wani mashahurin malamin falsafa na ƙasar Faransa, Auguste Comte, ya so ya ba da misalin abin da ɗan'adam ba zai taɓa sani ba, sai ya zaɓi sinadaran da ke cikin taurari. A zamaninsa hujjar tana da ƙarfi, gama ba mai iya zuwa can ya ɗebo ya kawo ɗakin gwaji. Amma ba a cika shekara 30 ba sai ga waɗansu Jamusawa biyu, Kirchhoff da Bunsen, sun nuna cewa zuwan bai zama tilas ba. Hasken da tauraro ya aiko mana ya isa shaida, in dai an iya karanta shi.

Ga yadda karatun ya ke. In aka bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatsu launi-launi daga ja har shuɗi, kamar bakan gizo. Wannan shi za mu riƙa kira bakan haske. Tun 1814 wani gwanin gyaran gilashi, Fraunhofer, ya lura bakan hasken rana ba sumul ya ke ba, yana da siraran layuka baƙaƙe fiye da 500. Abin da Kirchhoff da Bunsen suka tabbatar wajen 1859 shi ne iskar da ke lulluɓe da rana ita ke shanye haske a waɗannan gurabe, kowane sinadari kuwa da nasa layuka, ba ya tarayya da wani a cikinsu. Kamar dai yadda a da in baƙo ya shigo kasuwa, tun bai buɗe baki ba a ke cewa wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, saboda tsagar da ke kumatunsa. Da irin wannan tsaga aka gane hiliyam a jikin rana cikin 1868, shekara 27 kafin a same shi a nan duniya.

To, maganata yau a kan tauraro guda ce, wanda aka zuba wa ido fiye da kwana biyar da na'urar da ba ta da na biyu a lokacin, ana neman tsagarsa, aka tarar da fuska sumul. Sunansa RX J1856.5-3754. Lambobin gurbinsa ne a sararin samaniya, domin sauƙin faɗi kuwa zan riƙa ce masa RX J1856. In damina ta yi tsakiya, wanda ya tsaya a Kano ko Zariya da dare ya fuskanci kudu, ya dubi gabas da wutsiyar taurarin Kunama kaɗan, yana kallon unguwar da ya ke. Shi kansa dai ba ya ganuwa, gama ya fi tauraro mafi dushewa da ido ke iya gani dushewa fiye da sau miliyan 50.

Menene tauraron nutiron?

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, inda furoton da nutiron su ke cure, ilaktiron kuwa suna kewaye can nesa, tsakaninsu fili ne fetal. James Chadwick ya gano nutiron a Kambirij ta Ingila cikin 1932. Shekara biyu bayan haka Baade da Zwicky a Amurka suka ce in ƙaton tauraro ya fashe, abin da zai bari a baya curi ne na nutiron kusan zalla. Maganar ta zauna a takarda har 1967, sa'ad da wata ɗaliba a Kambirij, Jocelyn Bell, ta kama saƙon rediyo mai bugawa kamar agogo daga sama, aka gane irin wannan curi ne ke juyawa.

Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye ya kan ƙona makamashinsa mataki-mataki har tsakiyarsa ta zama baƙin ƙarfe. Ƙarfe kuwa ba ya ƙara ba da wuta. Daga nan sai tsakiyar ta rufta cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba, filin nan da ke cikin ƙwayoyin zarra ya matse ƙaf, sauran jikin tauraron ya yi bindiga ya watse. Abin da ya rage ya ɗara rana nauyi, galibi kamar sau 1.4, amma faɗinsa bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba. Faɗin rana kuwa kilomita miliyan 1.4 ne. Cikin cokalin shayi guda na tuwon wannan curi ya fi tan biliyan guda.

Abin da ya sa masana ilmin kimiyya suka damu da shi ke nan. A can tsakiyarsa matsi ya wuce wanda ke cikin cibiyar zarra kanta, ba kuwa wani ɗakin gwaji a duniya da zai iya haɗa irinsa ya riƙe. Shin nutiron su kan zauna yadda su ke cikin wannan matsi, ko su kan narke su zama wani abu dabam? Lissafi ya nuna amsar tana ga faɗin tauraron. In abin da ke ciki mai taurin kai ne, ba ya yarda da matsi, tauraron zai kai kilomita 28 ko fiye. In mai laushi ne zai tsuke ya koma wajen kilomita 20. Watau hukunci a kan wata doka ta asalin halitta ya rataya ga bambancin 'yan kilomitoci, a jikin abin da haskensa ke shekara ɗaruruwa a hanya kafin ya iso mu.

Yaya a ke auna faɗin ɗigo?

Ba wani madubin hangen nesa da zai nuna irin wannan tauraro da fuska kamar wata. Ɗigo kawai a ke gani. Dabarar da a ke bi ta maƙera ce. Maƙeri ba ya neman ma'aunin zafi: in ya zuga ƙarfe ya ga ya yi ja ya san inda ya kai, in ya koma fari ya san ya wuce nan. Cikin 1900 Max Planck na Jamus ya fitar da lissafin da ya bayyana bakan hasken da ke fitowa ta 'yar kafa daga rufaffen tanderu, wanda ba abin da ke sarrafa shi sai zafi kaɗai. Mu kira shi bakan tanderu. Siffar bakan ita ke faɗin zafi. Zafi kuma shi ke faɗin yawan hasken da kowane taki na filin tauraron ke fitarwa, a bisa wata doka mai tsanani: in zafi ya ninka sau 2, haske ya ninka sau 16. In an san wannan, an san nisa, an kuma auna hasken da ya iso, sauran aikin ɗan firamare ma zai iya, a raba a sami girman fili.

Sai dai ku riƙe dokar nan ta sau 16, don kaifinta biyu ne. Wanda ya yi kuskure ya ninka zafin sau 2, zai ce filin ya ragu sau 16, faɗin ya ragu sau 4. Za mu dawo kanta.

Zafin filin rana digiri 5,800 ne a ma'aunin Kelbin, saboda haka yawancin haskenta irin wanda ido ke gani ne. Tauraron nutiron mai matsakaicin shekaru kuwa zafinsa ya kan yi kusa da digiri miliyan guda, galibin haskensa ya wuce shuɗi nesa, ya shiga hasken eksire, watau irin wanda Röntgen ya gano cikin 1895, wanda a ke ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Na wannan tauraro dai mai taushi ne, bai kai na asibiti ƙarfi ba ko kusa. Iskar duniya tana shanye shi tas, sai an fita bayanta. Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka fara kama hasken eksire daga wajen dangin rana da roka cikin 1962. Kumbo na farko da aka keɓe domin wannan aiki daga Afirka aka harba shi, daga wani dandali cikin teku a gaɓar Kenya, ran 12 ga Disamba 1970, ranar bikin 'yancin ƙasar, shi ya sa aka raɗa masa suna Uhuru.

Amma galibin taurarin nutiron da aka fara samu ba su yi wa mai son awo amfani ba. Waɗansu suna da abokin zama da su ke zuƙe wa iska, wutar da ke tashi wajen zubar iskar nan kuwa ita a ke gani. Waɗansu, kamar wanda ke cikin gajimaren Ƙaguwa, ragowar fashewar da masana taurari na ƙasar Sin suka rubuta cikin 1054, suna juyawa sau 30 a daƙiƙa guda, suna fesa haske daga sararin da ke kewaye da su har ya danne na jikinsu. Neman ganin filin irin waɗannan kamar neman ganin garwashi ne a gaban fitilar mota. Abin da a ke so shi ne tauraro gwauro, ba aboki, ba hayaniya, yana huce zafin haihuwarsa shi kaɗai.

Kumbon Jamus mai suna ROSAT, wanda aka harba cikin 1990 ya share sararin sama kaf, shi ya samo su. An yi zaton zai sami dubbai, tun da lissafi ya nuna garken taurarin da rana ke ciki yana ɗauke da taurarin nutiron aƙalla miliyan 100. Guda 7 rak aka samu na wannan iri. Mafi haske a cikinsu shi ne RX J1856, wanda Frederick Walter da abokan aikinsa biyu suka ba da labarinsa cikin 1996. Shekara guda bayan haka madubin Hubble ya hango shi da hasken ido, ɗan ɗigo shuɗi.

Saura nisa. Miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sa'an nan ka sāke da ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka tauraro na kusa ya kan ɗan gusa in aka dube shi yau aka kuma dube shi bayan wata 6, sa'ad da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Gushin RX J1856 bai fi faɗin kwabo ba ga wanda ke hangensa daga nisan kilomita 300. Ba mamaki awon farko na 2001 ya ba da tafiyar haske ta shekara 200, aka sāke dubawa cikin 2002 nisan ya kusan ninkawa. Awon 2010 ya tsaya a kimanin shekara 400. An kuma ga yana gudun kusan kilomita 200 a daƙiƙa guda. Da aka bi sawunsa baya sai aka kai ga wani gungun samarin taurari a wajen kan Kunama, inda a ke jin an haife shi kimanin shekara 500,000 da suka wuce. Mai irin wannan gudu ba zai iya tsintar iskar hanya da za ta zafafa shi ba, saboda haka zafin nasa ne na gado.

Mayafi mai kaurin yatsa

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙar. Hasken da ke fitowa daga tauraro ba kai tsaye daga filinsa ya ke zuwa ba, sai ya ratsa mayafin iskar da ke bisansa, mayafin kuma ya sāke masa kama. Iskar duniya tana raguwa sannu-sannu, sai an hau kamar kilomita 8 kafin ta koma kusan sulusi. A bisa tauraron nutiron ƙarfin da ke jan abu ƙasa ya ninka namu fiye da sau biliyan 100, saboda haka mayafin duka an danne shi ya koma 'yan santimitoci, wani lokaci ma bai kai kaurin yatsa ba. Duk da haka duk ƙwayar hasken da ta iso mu daga cikin wannan 'yar fata ta taso. Abin da za mu faɗa game da curin da ya fi rana nauyi, daga bakin fatar nan za mu ji shi.

Ƙarfin jan nan yana da wani aiki kuma. In aka zuba mai cikin ruwa aka girgiza, ba a jimawa man ya taso sama. A bisa tauraron nutiron sinadarai su kan rarrabu haka cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, masu nauyi su nutse, mafi sauƙi ya hau kai. In akwai haidurojin ko ɗan kaɗan, shi zai rufe fuskar duka. In babu sai hiliyam, in babu shi sai kabon, haka har a kai ga ƙarfe. Watau mayafin iri guda ne kusan zalla, irin kuwa ya dogara ga tarihin tauraron: me ya faɗo masa bayan fashewa, me ya tsinta a hanya, me zafinsa ya ƙone.

Tun 1987, sa'ad da Roger Romani ya fara lissafa irin waɗannan mayafai, aka san kowanne da irin ɓarnar da ya ke yi wa bakan tanderu. Haidurojin a wannan zafi ya rabu da ilaktiron ɗinsa, ba ya barin tsaga, amma yana da wata makida. Haske mai taushi ba ya iya ratsa shi sai daga sama-sama, mai ƙarfi kuwa yana fitowa daga can ƙasa inda ya fi zafi. Saboda haka bakan ya kan karkata wajen ƙarfi, ya nuna kamar tauraron ya fi yadda ya ke zafi, har kusan ninki biyu. Ku tuna dokar sau 16. Wanda ya ɗauki irin wannan baka ya karanta shi kamar na tanderu, zai mai da tauraro mai kilomita 24 ya zama ɗan mitsitsi. Mayafin ƙarfe kuwa ba ya karkatar da bakan sosai, amma ya kan cika shi da tsaga birjik.

Tsagar nan ita kowa ke kwaɗayi, ba don sanin sinadari kaɗai ba. Bisa ga nazarin Einstein na 1915, hasken da ke hawowa daga ƙarƙashin ja mai tsanani ya kan rasa wani abu na ƙarfinsa, layukansa duka su gusa wajen ja. A tauraron nutiron gushin ya kan kai kashi 20 ko 30 cikin 100, gwargwadon nauyin tauraron da faɗinsa. Layi guda tak da aka tabbatar da mai shi, aka auna gushinsa, zai ba da nauyi bisa faɗi ba tare da an nemi nisa ba. A haɗa da awon fili, an sami nauyi, an sami faɗi.

Cikin Yuli 1999 Amurka ta harba kumbon Chandra. A bayan madubinsa akwai wani faifai mai siraran sandunan zinariya kamar haƙoran matsefi, wajen 1,000 cikin kowace milimita, wanda ke warwatsa hasken eksire yadda gilashi mai kusurwa uku ke warwatsa na rana. Cikin Oktoba 2001 aka juya shi ga RX J1856 har fiye da kwana 5, lokacin da masana da yawa ke layin neman 'yan sa'o'i. Da aka cire abin da iskar da ke tsakanin taurari ta shanye a hanya, gama ita ma tana dushe haske mai taushi kamar hazon hunturu, sai ga baka sumul, ba tsaga ko guda. Ya dace da bakan tanderu mai zafin kimanin digiri 700,000, dacewar da ta fi ta kowane mayafin da aka lissafa. Mayafin ƙarfe ya faɗi, don ba a ga layukansa ba. Mayafin haidurojin mai kauri ya faɗi, don in da shi ne da hasken ido na tauraron ya ninka wanda Hubble ya gani nesa ba kusa ba.

Da aka raba bisa dokar tanderu sai faɗin ya fito tsakanin kilomita 8 da 16, a nisan da aka yarda da shi yanzu ma wajen 9. Wannan kuwa faɗin gani ne, na gaskiya bai kai haka ba, gama ƙarfin jan tauraron yana lanƙwasa haske har ya sa ya fi girmansa a ido. Ba wani lissafin curin nutiron da ya yarda da wannan ƙanƙanta. Cikin Afrilu 2002 Jeremy Drake da abokan aikinsa suka kawo shawarar ko nutiron ɗin sun narke ne. Kowane nutiron haɗin waɗansu ƙananan ƙwayoyi uku ne da a ke kira kwak, tun shekarun 1980 kuwa a ke hasashen za a iya samun tauraro na kwak zalla, wanda zai fi na nutiron tsukewa. Hukumar NASA ta kira 'yan jarida, labari ya zaga duniya cewa an ga sabon nau'in halitta. A yi wa masu binciken adalci, kan takardar tasu tambaya ce, ba hukunci ba. Amma alamar tambaya ba ta cika tsira ba in labari ya shiga hannun jarida.

A ganina raunin maganar yana cikin awon da ke hannu tun a lokacin. In aka ɗauki bakan tanderun nan na eksire aka miƙa shi har zuwa hasken ido, abin da ya kan bayar bai kai wanda aka gani ba, na gaskiya ya ninka shi kamar sau 7. Ashe akwai fili mai faɗi da ke ba da hasken ido wanda eksire bai ƙidaya ba. Kafin shekarar ta ƙare waɗansu masana, cikinsu har da Walter da Romani, suka nuna cewa in tauraron yana da ɗan wuri mai tsananin zafi, sauran jikinsa kuwa da sanyi-sanyi, to eksire wurin nan kaɗai ya auna, faɗin gani na dukan tauraron kuwa zai kai kilomita 30 ko fiye. Daga wanda ya cika ƙanƙanta ya koma kusan wanda ya cika girma, ba tare da an ƙara awo ko guda ba, zato kawai aka sāke game da fatarsa.

Wannan ma da sauran rina a kaba. Tauraro mai tabo guda mai zafi, in yana juyawa, ya kamata haskensa ya riƙa hawa da sauka. An daɗe ana nema ba a gani ba, sai cikin 2007 Tiengo da Mereghetti na Italiya, da kumbon Turai XMM-Newton, suka kama bugun: juyi guda cikin daƙiƙa 7.055, hawa da saukar kuwa bai fi kashi 1 da ɗan ɗori cikin 100 ba. Ƙanƙantar nan tana yiwuwa in mun yi dace muna kallonsa kusan ta kan sandar juyinsa, amma bayanin da ke neman a yi dace ba ya kwantar da rai. Amfanin bugun ya fito ta wani gefe. Cikin 2008 aka auna yadda juyin ke raguwa, daga nan aka lissafa ƙarfin maganaɗisunsa: ya ninka na duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kamar sau biliyan 30,000.

A cikin irin wannan maganaɗisu ƙwayar zarra ba ta zama yadda muka karanta a makaranta. Ya kan matse ta ta gefe ta koma siririya kamar allura, allurai su jeru kai da gindi su zama sarƙa, sarƙoƙi su manne da juna. Saboda haka ƙarfe na iya daskarewa ko da zafi ya kai digiri 700,000, ya zama fili mai tauri ba iska a kansa. Hasken irin wannan fili kusan sumul ya ke, mai kama da na tanderu, sai dai ya fi shi rauni, wanda kuwa ya auna shi da mudun tanderu zai sāke raina faɗin. Cikin 2007 Wynn Ho da abokan aikinsa suka haɗa abu biyu: daskararren ƙarfe a ƙasa, da mayafin haidurojin shara-shara a bisansa, wanda eksire ke ratsawa amma hasken ido ba ya ratsawa. Da wannan suka daidaita eksire da hasken ido a lokaci guda, faɗin gaskiya ya fito wajen kilomita 28. Nauyin mayafin kimanin giram guda ne bisa kowane murabba'in santimita, watau kamar ruwa mai zurfin santimita guda. Na iskar duniya giram 1,000 ne. Ni dai ina ganin wannan shi ya fi sauran bayanai gamsarwa, ko da ya ke yana da gurgunta biyu: maganaɗisun da ya bukata bai kai sulusin wanda aka auna daga juyi ba, sa'an nan sai kaurin mayafin ya zo daidai wa daida, in ya ƙaru kaɗan ko ya ragu kaɗan lissafin ya rushe.

'Yan'uwansa shida ba su yi masa kara ba. Galibinsu an ga wani faffaɗan lotsawa a bakansu, mai kama da tabo fiye da tsaga. Mafi yawan masana suna danganta shi ga furoton da ke kewaya layukan maganaɗisu suna shan haske a gurbin da ƙarfin maganaɗisun ya tsayar musu. In haka ne, RX J1856 ma yana iya kasancewa da nasa, sai dai da ya ke maganaɗisunsa bai kai nasu ba, gurbin ya faɗa can cikin haske mafi taushi, inda hazon hanya ya cinye kome. Ɗaya daga cikinsu, RX J0720.4-3125, har sāke kamanni ya yi wajen 2003, bakansa ya ƙara zafi cikin 'yan watanni.

Irin wannan rikici ya sāke faruwa da ɗigon da Chandra ya gano cikin Agusta 1999 a tsakiyar ragowar fashewar Cassiopeia A, wanda shekarunsa ba su wuce 350 ba. Bakan tanderu ya ba shi faɗin da bai kai kilomita 2 ba, haidurojin ya ƙara amma bai isa ba. Cikin 2009 Ho da Craig Heinke suka gwada mayafin kabon mai kaurin santimita 10, sai faɗin ya zo daidai da na tauraron nutiron. Hujjarsu ita ce jaririn tauraro yana da zafin da zai ƙone haidurojin da hiliyam ɗin da ke kansa, ya bar kabon. Akwai masu ja da wannan har yanzu, suna cewa ƙananan tabo masu zafi ne.

An samo waɗansu hanyoyin awo daga baya. Na'urar NICER, wadda aka kafa a tashar sararin samaniya ta ƙasashen duniya cikin 2017, ta bi yadda haske ke lanƙwasa a kewayen wani tauraro mai saurin juyi, PSR J0030+0451, cikin 2019 aka ba da faɗinsa wajen kilomita 26. Sai dai ita ma sai da aka ɗauka mayafin haidurojin ne a kansa kafin lissafin ya tafi. Wadda ba ta bi ta kan mayafi ba ita ce girgizar sarari da aka kama ran 17 ga Agusta 2017, daga karon taurarin nutiron biyu, ta kuwa nuna faɗi tsakanin kilomita 22 da 27. Tauraro mai kilomita 9 ba shi da wurin zama a cikin waɗannan alƙaluma.

Game da RX J1856 kansa, shaidar da za ta raba gardamar fili daskararre da mayafin iska ita ce fuskar da hasken ke kaɗawa. Haske igiya ce mai kaɗawa, na fitila yana kaɗawa ta kowace fuska, amma wanda ya ratso iska mai maganaɗisu ya kan fifita fuska guda ƙwarai, na daskararren fili kuwa kaɗan. Cikin 2016 Roberto Mignani da abokan aikinsa, da babban madubin Turai da ke kan dutsen Paranal a ƙasar Cile, suka auna wannan a hasken ido na tauraron, suka sami kimanin kashi 16 cikin 100, da ƙari ko ragin kashi 5. Sun ce yawan nan alama ce ta wani abu da Heisenberg da Euler suka yi hasashe tun 1936, cewa maganaɗisu mai tsanani yana sa sarari wofi ma ya riƙa sarrafa haske kamar gilashi. Awon bai yi kaifin da zai rufe bakin masu shakka ba. A hasken eksire ne bambancin zai fito fili. Kumbon IXPE da aka harba cikin Disamba 2021 ya yi irin wannan awo ga wani tauraro mai maganaɗisu fiye da wannan, 4U 0142+61, cikin 2022, masu binciken kuma suka ce abin da suka gani ya dace da daskararren fili. Amma an ƙera IXPE domin eksire mai ƙarfi, na RX J1856 kuwa ya ƙare tun kafin a kai inda na'urar ke fara ji.

Kafin a sami na'urar da za ta yi wannan, an ba tauraron wani aiki. Da ya ke haskensa bai cika sākewa ba shekara da shekaru, bakansa kuma ba tsagar da za ta rikita awo, masu lura da Chandra da XMM-Newton sun riƙa juya su gare shi lokaci-lokaci domin su ga ko na'urorinsu sun fara dushewa, kamar yadda mai awo a kasuwa ke gwada sikelinsa da dutsen da ya amince da nauyinsa.